Layu Uku a Madubin Mota

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma tunda mutanen Keffi ma sun ƙi mantawa, gara in faɗi yadda aka yi da bakina. Abin da ake yaɗawa a gidajen suna da na biki shi ne wai na buge motar Alhaji Mamuda, sannan don tsabar rashin kunya na kira masa 'yan sanda. Maganar farko ƙarya ce, shi ya buge ni. Ta biyu gaskiya ce, na sa an kira su, kuma ko gobe aka sake zan sa a kira. Akwai masu cewa an ga ina kuka a bakin titi. Ban yi kuka ba, kunun kanwa ne ya shiga mini ido. Abin kunyar da ya same ni na gaskiya daban ne, ya ma fi wanda ake faɗa muni, kuma zan zo kansa.

A lokacin ina buga tafireta a ofishin gona, shekara biyu da gama sakandare. Kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, duk ma'aikacin da ya ɗan taka wani matsayi sai ka gan shi da sabuwar mota. Yayana, Yaya Sani, shi ma ya yi tasa, 'yar ƙarama shuɗiya mai doro irin na kunkuru. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, ya kai ni aka gwada ni, na samo lasin nawa na kaina, da hotona a ciki ina hararar mai ɗaukar hoto. Da aka tura shi kwas Zariya na shekara guda sai ya bar mini motar.

Baba bai so ba. Ba don yana ganin ba zan iya ba, ya san zan iya, abin da ke damunsa ke nan. Abokansa na kasuwa suka riƙa zuwa shagonsa suna yi masa jaje kamar an yi gobara. Daga ƙarshe ya kira ni zaure.

"Uwata," ya ce (sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana ko yana fushi), "ga makulli. Amma ki ji sharaɗina. Ranar da kika gogi wani abu da motar nan, ko jelar akuya ce, makulli ya dawo hannuna. Ba ke ba tuƙi har abada."

Na ce na yarda. Wata biyar ina tuƙi ban gogi ko ƙuda ba.

Sai in gabatar muku da Goggo Hassu, yayar Baba, wadda ta goye ni tun ina tsumma. Wata ranar Lahadi ina zaune a tsakar gida ina jera takardun motar a kan tabarma, ta zo ta tsaya a kaina tana nuna su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsan ƙafa. Wannan ta mece ce? Waccan fa? Mai jan hatimin nan fa? Ni kuwa ina sauri, ban san ma saurin me nake yi ba, haka Allah ya yi ni.

"Inshora ce, Goggo."

"Mene ne shi?"

"Kai, Goggo! Takardar tsari ce. In wani abu ya samu motar ita ke kare mu. Shi ke nan?"

Ta ce, "To, madalla," ta wuce. Na tattara takarduna na cusa a aljihun gaban mota, ban sake duba su ba. Bayan kamar mako guda na ga an rataya layu uku a jikin madubi, jajaye, sababbi fil, duk girmansu ɗaya. Na san aikin Goggo ne. Na yi ta tsokanarta, ina cewa ta mayar da motar Yaya ta zama wuyan jariri. Ta ce in dai bar su a wurin. Na bar su, don ba su tsare mini komai ba.

To ranar Asabar ɗin, bayan an tashi daga ofis da azahar, na ɗauki Goggo zan kai ta barka a Sabon Gari, wata 'yar ƙawarta ta haihu. Ta hau gaba ta ɗora langar kunun kanwa a cinya, cike taf, ta rufe da faifai. Na ce ta ajiye a ƙasa, ta ce ƙasa ba wurin abincin mai jego ba ne.

A wancan lokacin ba a daɗe da sauya hannun tuƙi ba. An bar hagu an koma dama. Rediyo ya yi ta shela, an kafa alluna, amma tsofaffin direbobi hannunsu ya riga ya saba. In suna cikin ayari sai su bi sahu lafiya lau. In kuwa suka fito daga lungu su kaɗai, titi babu kowa, sai jikinsu ya koma gidan jiya. Muna gangarowa wajen tashar mota, ina gefena na dama, sai ga wata farar Fijo ta fito daga lungun situnan ajiyar kaya, ta karyo kwana, ta miƙo kaina tsaye kamar ta zo gaishe ni. Na danna oda. Na taka birki har ƙasa. Ita kuwa ko a jikinta.

Ƙarar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Fitilata ta hagu ta tarwatse, goshin motar ya lotsa. Langar Goggo kuwa ta tashi sama, ta juye a kaina gaba ɗaya, tun daga ɗankwali har zane. Goggo ko ɗigo bai taɓa ta ba. Tana ta salati tana riƙe da faifai.

Na tabbatar lafiyarta ƙalau, na banke ƙofa na fito, kunu na zuba daga haɓata, ido ɗaya a rufe.

"Wane makaho ne wannan?" na ce, da muryar da ake ji har cikin tasha. "A kasuwar doya ka sayi lasin? Fito in ga fuskarka!"

Ƙofar Fijo ta buɗe a hankali. Ƙafa ta fito da takalmin fata, sai babbar riga, sai farin gemu. Alhaji Mamuda ne, dillalin riɗi da gyaɗa, aminin Baba tun suna yara, mutumin da in ya shigo gidanmu ni ke shimfiɗa masa buzu.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "'Yar nan, ke ce?"

"Ni ce, Baba Alhaji. Ina wuni?"

(Wallahi haka na ce. Na kira mutum makaho, ban ko haɗiye yawu ba na tambaye shi ina wuni.)

Kafin ka ce me, tasha ta watse ta dawo kanmu. 'Yan kamasho, masu rake, masu awara, mata da tallar doya a ka. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Sun ga mace, sun ga mota a lotse, shari'a ta ƙare.

"Ai dama! Mace da sitiyari?"

"Allah ya kiyaye Alhaji, da ta kashe shi."

Wani tsoho mai sayar da goro ya ce shi shaida ne, shekara talatin Alhaji na bin wannan gefen bai taɓa buge kowa ba, saboda haka gefen nasa ne. Mutane suka gyaɗa kai, wai hujja ce.

A garinmu an san yadda ake yi in mota ta bugi mota tsakanin mutanen da suka san juna. Ba a kai maganar ko'ina. Samari su tura motocin gefe, a kira bakanike daga Sabon Gari, ƙarami ya ba babba haƙuri, a yi fatiha, kowa ya gyara tasa. Kiran ɗan sanda tsakanin gida biyu kamar kai ƙarar ɗan'uwa ne gaban alƙali, ana iya shekara goma ana tuna wa jikoki. Ni ma na san haka, a garin aka haife ni. Amma na dubi ƙasa na ga abin da babu wanda ya kalla. Motocin biyu duk a gefena suke tsaye. Ga sawun birkina baƙi ƙirin a gefen dama, ga fasassun gilasai a gefen dama. Da zarar an tura su gefe, shaidata ta tafi, sai labarin mai goro ya rage.

'Yan kamasho har sun nannaɗe hannun riga sun dafa bayan motata. Na leƙa ciki na ja birkin hannu, na sa giya, na zare makulli na ƙulle shi a bakin zanena.

"Duk wanda ya motsa motar nan shi zai yi wa 'yan sanda bayani."

Sai aka ɗauki salati.

Alhaji ya matso ya rage murya. "Haba 'yata. 'Yan sanda kuma? Tsakanina da ubanki? Ki bari a tura, ni zan gyara miki fitilar da kuɗina. Ba sai an rubuta sunana a littafin gwamnati ba, da tsufana."

"Baba Alhaji, in ka gyara, wa za a ce ya yi laifi?"

Ya shafa gemu. "Ai ba a tonawa. Tsautsayi ne."

Ana cikin haka sai ga Baba, an je an gaya masa a shago, ya taho a ƙafa har hularsa ta karkace. Ya fara riƙe hannun Alhaji da hannu biyu. Sannan ya juyo.

"Uwata, durƙusa ki ba Alhaji haƙuri. A kau da motocin nan."

"Baba, in na ba da haƙuri, makullin fa?"

"Kin san sharaɗina."

Ban taɓa yi wa Baba musu a gaban mutane ba, kuma ranar ma ban yi ba. Ya ce in durƙusa, na durƙusa. Sai dai na zaɓi wurin durƙuson, daidai gaban tayar motata, gwiwoyina a kan kwalta mai zafi, yadda duk mai turawa sai ya bi ta kaina.

"Baba, ka yi mini rai. Ka ce in na gogi wani abu. Ban gogi komai ba, ni aka goga. A bari a auna titi. In aka ce ni ce, da hannuna zan miƙa maka makullin, ba zan ƙara ko kallon mota ba. Kuma motar ta Yaya ce, kamfanin inshora ba ya sauraron kowa sai da takardar 'yan sanda."

Baba ya dubi Alhaji, ya dubi sama, ya ce, "Innalillahi."

Mu da taron 'yan kallo mun tare hanya gaba ɗaya. Bayanmu akwai wata babbar mota ɗauke da doya, direbanta ya gaji da danna oda ya sauko yana kumfar baki. Na ce masa daga inda nake durƙushe, "Malam, in kana so ka wuce yau, caji ofis ga shi can. Je ka kira su." Ya tafi da sauri. Don haka masu cewa na ruga caji ofis da gudu ina ihu, su ji, ban motsa daga gaban taya ba.

Saje Bitrus ya iso da kofur ɗinsa, da tef na awo da alli. Dogo ne, mutumin wajen Akwanga, Hausarsa na da ɗan nauyi, kuma ba ya sauri ko a magana ko a tafiya. Ina ganinsa na miƙe na soma zuba masa Turanci, irin wanda muke yi a muhawarar makaranta, da ɗaga ɗan yatsa. Ina so duk tasha ta san wadda suke yi wa dariya. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "Malama, yi Hausa, ni ma in huta."

Suka ja tef, suka zagaye tayoyi da alli, suka auna sawun birki. Saje ya tsaya a tsakiyar titi ya miƙa hannunsa na dama, ya dubi motocin, ya yi rubutu. Na ga inda idonsa ya tsaya. Zuciyata ta yi fari. Na juya na kalli mai goro ido cikin ido har sai da ya shiga gyara huhun goronsa.

"To, takardu," in ji Saje. "Malama, ke kika kira doka, da ke zan fara."

"Da kyau, Saje! A bi doka. Komai a fili!"

Na buɗe aljihun mota da yanga. Lasin, ga shi. Takardar mota, ga ta. Inshora... Na sake juya takardun. Na zazzage ambulan. Na fito da tsumma, da sukundireba, da wani tsohon rake da Yaya ya manta. Na ɗaga kujera. Na shiga baya na leƙa ƙarƙashi, kunu ya bushe a jikina yana ɓantarewa. Babu.

"Tana nan," na ce. "Da idona na sa ta."

Saje ya rufe littafinsa. "Malama, kin san tuƙi ba inshora babban laifi ne? Ya fi bin tsohon hannu. In ba ki da ita, motar za ta kwana a ofishinmu, ke kuma Litinin kotu."

Wani ɗan kamasho ya fashe da dariya. "Ita fa ta kira su!" Baba ya rufe fuskarsa da hannun riga. Da bakina na jawo abin da zai raba ni da makulli, ya kuma kai 'yar Baba gaban kotu.

Sai na ji an ja mini zane. Goggo ce, har yanzu tana zaune a gaba da faifanta.

"Ke, wai mai jan hatimin nan ake nema?"

"Ita, Goggo! Kin gan ta?"

"Ba ke kika ce takardar tsari ba ce?" Ta ɗaga haɓa ta nuna madubi. "Wa ke barin tsari a tsirara cikin tsummoki? Na kai wa baduku ya ɗinke ta."

Na kalli layun nan uku suna lilo. Wata huɗu ina tuƙi da inshorar Yaya a gaban goshina, ina yi mata dariya.

Na fizgo su daga madubi. Goggo ta miƙo hannu. "Kawo in duba miki a hankali, ni na san ɗinkin kowace..."

"Goggo, ba lokaci!"

Na nemi reza. Wani mai tebur ya miƙo mini daga nesa kamar zai ba maciji abinci. Maza suka ja da baya, don kowa ya san ba a farke laya. Saje kansa ya ce shi aikinsa awon titi ne, ba ya taɓa wannan. Na ɗora ta farko a kan murfin mota na tsarge ɗinkin, na warware zaren. Takarda ce da rubutun malam, da hatimi na tawada.

"Ba ita ba ce," na ce, zan ajiye.

"Dakata," in ji Saje. "Takarda ta fito daga motar da ta yi haɗari, sai na san ko mece ce. Ni ban iya wannan rubutun ba. Wa zai karanta?"

Alhaji Mamuda ya ciro tabarau daga aljihu. Ya duba, ya ce addu'ar kiyaye hanya ce. Wani daga baya ya ce to yau dai ba ta yi aiki ba. Goggo ta leƙo ta taga ta ce, "Ta yi mana! Ba ga mu da ranmu ba?"

Na ɗauki ta biyu. Goggo ta buɗe ƙofa ta fito da sauri irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ke 'yar nan, bar wannan. Ɗauki ɗayar."

Ko kusa ban saurare ta ba, na riga na sa reza. Wannan ma rubutun malam ne. Saje ya karɓa ya miƙa wa Alhaji. Goggo ta ce kada a karanta, sirri ne. Ni kuwa, ni da bakina, na ɗaga murya na ce, "A karanta! Ni ba ni da abin ɓoyewa!"

Alhaji ya gyara tabarau. Ya wuce addu'o'in sama da ido, ya sauko ƙasa inda malamin ya rubuta buƙatar mai laya da ajami. Na ga gemunsa ya fara rawa. Ya karanta sunana da na mahaifiyata, tiryan-tiryan, sannan ya ci gaba:

"A sanyaya mata baki. A rage mata gaggawa. A kawo mata miji mai haƙuri..." Ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ido, ya mayar. "...ko da kurma ne."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Tasha ta ɗauka gaba ɗaya. Wata mai tallar doya sai da ta sauke kayanta ta zauna a ƙasa. Kofur ya saki tef ya naɗe kansa da ƙara. Direban babbar mota, wanda ɗazu yake neman cinye mu, ya kifa kansa a jikin tayarsa yana dukanta. Mai goro ya ce yana da ƙane a Panda, ba ya ji ko kaɗan, kuma yana da gona. Na waiga wajen Baba ko zai cece ni, sai na ga kafaɗunsa na girgiza a bayan hannun riga.

"Goggo," na ce, muryata ta koma kamar ta sauro, "kurma?"

"Malam ne ya tambaye ni wane iri," ta ce, ko kunya babu. "Na ce masa mai ji dai ba zai daɗe ba."

Na tsaya a tsakiyar titi, kunu a kaina, reza a hannuna, duk Turancin da na yi ɗazu ya bi iska. Da akwai rami a kwaltar nan da na shige na ja ƙasa na rufe.

Amma saura laya ɗaya. Na share fuska, na farke ta. Ga ta nan, an ninke ta har ta koma kamar ƙwayar dabino, an naɗe da zare, tana ƙamshin turare da jemammiyar fata. Na buɗe ta a hankali (karo na farko a rayuwata da na yi wani abu a hankali). Saje ya shimfiɗa ta a kan murfin mota ya danne da tafin hannu, ya bi layukan da ɗan yatsa, ya duba lambar mota, ya duba jan hatimi.

"Tana da rai," ya ce. "Takardun malama sun cika."

Ya juya wajen Alhaji. Kafin ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga hannu, yana ta share hawayen dariya.

"Saje, kada ka wahalar da kanka. Ni ne. Na fito daga sito ina lissafin buhuna a kaina, hannuna ya koma tsohon gefe. Yarinyar nan a kan hanyarta take, har oda ta yi mini. Rubuta haka. Bayan abin da ta sha yau, in na bar ta da laifin nan ma Allah ba zai bar ni ba."

Ya faɗe shi da ƙarfi, kowa ya ji. Mai goro ya tattara huhunsa ya sulale.

Saje ya nemi tasa inshorar. Alhaji ya ciro ta daga ƙarƙashin kujera cikin wata jakar fata. "Wannan takardar da nake saya duk shekara don ku bar ni in wuce?"

"Ita. Ita ce za ta gyara motar malama, in an kai musu rahotonmu."

"Su biya? Su da kansu?" Alhaji ya dubi takardar, ya juya bayanta. "Shekara nawa ina ba mutanen nan kuɗi, ashe ana karɓowa?" Ya juya wajen Baba. "Ka ji fa! Da mun yi fatiha mun watse, da daga aljihuna zan gyara."

Saje ya ce tunda ba wanda ya ji rauni, kuma mai laifi ya amsa, Alhaji ya biyo shi ofis ya sa hannu, zai yi masa gargaɗi a rubuce, a ba mu takarda. Sai a lokacin na kwance bakin zanena na saki birkin hannu. 'Yan kamashon da suka yi mini dariya su suka tura motar har bakin garejin Sabon Gari, ina ciki ina riƙe da sitiyari, suna kirana Hajiya direba. Ban kula su ba, amma na ji daɗi.

Bayan la'asar na yi wanka na je zaure na durƙusa, na ajiye makulli a gaban Baba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tura mini shi da ɗan yatsa.

"Na ce in kin goga. Saje ya rubuta an goge ki. Ɗauki abinki." Na kai hannu, ya danne makullin. "Amma makaho fa? Da kasuwar doya? Wannan ba ya cikin awon Saje."

"Zan je, Baba."

"Za ki je." Ya saki. Na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Uwata, layar nan ta biyu, a mayar wa baduku ya ɗinke."

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka kira doka, fara duba aljihunka da idonka. In tsohuwa ta yi maka tambaya, zauna ka ba ta amsa cikakkiya, don rabin amsa wajen baduku take ƙarewa. In kuma ta ce bar wannan, to ka bari.

Ranar Lahadi na je gidan Alhaji na durƙusa har ƙasa na ba shi haƙurin bakina. Na gaya masa a fili haƙurin baki ne kawai, ban da na titi. Ya ce ya karɓa a haka. Sai ya kawo maganar ofishin inshora, yana Jos, ga fom na Turanci da za a cike, shi kuma bai san ta inda ake farawa ba. Na ce zan nemi izini a wurin aiki in raka shi ranar Laraba, Goggo ma ta zo ta ga gari. Fijonsa ba abin da ya same ta sai ɗan ƙarfen gaba da ya lanƙwashe, da ita za mu.

Abu ɗaya ne ban gaya masa ba tukuna, na bari sai mun fito ƙofar gida da safe. Ni zan tuƙa. Shi ya zauna a gefe ya riƙe takardu.